Saba uku, moodledata ɗaya: EBS Multi-Attach, EFS ko S3?

Ɗan Yantala

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman shawara kan aikin wata cibiyar horo a nan Yamai. Manhajar koyarwa ta Moodle ce ke gudana a kan AWS, wato kwamfutocin haya na Amazon, yankin Faris. Da saba ɗaya ce, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, yanzu an mai da su uku a bayan na'urar raba lodi saboda cunkoson lokacin jarabawa. Ubuntu ce a kan dukansu. Rumbun bayanai PostgreSQL ne a RDS, hidimar rumbun bayanai ta AWS, shi lafiya lau yake.

Matsalar tana wajen moodledata, inda Moodle ke ajiye fayilolin da aka tura. Ya kai giga 200, mafi yawa PDF ne da hotunan takardun da ɗalibai ke ɗauka da waya, sai bidiyon darasi kaɗan. Kowace saba da nata faifan EBS irin gp3, shirin rsync na kwafe tsakaninsu duk minti biyar. Ɗalibi ya tura aikinsa ya faɗa saba ta ɗaya, malami ya buɗe nan take ya faɗa ta uku, sai Moodle ya ce babu fayil ɗin. Wani lokaci kuma abin da aka goge a wata saba sai ya dawo daga ƴar'uwarta.

Na ga EBS, wato faifan haya na AWS, yana da Multi-Attach, faifai ɗaya a maƙala wa saba da yawa. A ganina shi ne mafi sauƙi, tunda ba abin da zai canza a Moodle. Akwai kuma EFS da S3, wasu ma'ajiyoyi biyu na AWS. Wanne ya dace, kuma yaya ake haɗa shi ba tare da an yi asarar fayilolin ɗalibai ba? Kuɗin cibiyar ba su da yawa.

Malam na Filato

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da cire Multi-Attach daga lissafi, ga dalili.

Abin da EBS ke ba ka ɗanyen faifai ne. Bai san fayil ba, bai san jaka ba, lambobin gurabe kawai ya sani. Mai sanin wane gurbi ne a cike, wane ne fanko, shi ne tsarin fayil ɗin da ka zuba a kai, ext4 ko XFS, kuma dukansu biyu an gina su ne bisa cewa kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da faifan. Kowace saba tana ajiye taswirar gurabe a ƙwaƙwalwarta, tana kuma da nata kundin canje-canje. Idan saba ta ɗaya ta rubuta PDF a wani gurbi, ta biyu ba ta da labari, a taswirarta gurbin fanko ne, sai ta zuba hoton wani ɗalibi a kai. Kamar fili ɗaya ne da aka sayar wa mutum biyu, kowa da takardarsa a hannu. Abin da ya fi muni, ba ranar ake gane ɓarnar ba. Sai an sake kunna wata saba, ko shirin duba faifai fsck ya bi ta kai, a tarar da fayiloli sun shiga cikin juna. Ko ka ce saba ɗaya ce za ta yi rubutu sauran su karanta kawai, masu karatun za su riƙa ganin tsohuwar taswira.

Ana yin sa daidai, amma da tsarin fayil na tarayya, GFS2 ko OCFS2, tare da mai raba makullai tsakanin sabobin, da Pacemaker da Corosync, da hanyar kashe duk sabar da ta daina amsawa kafin ta yi ɓarna. Aikin mutum guda ne cur. Ga kuma iyakokin AWS ɗin kansa: io1 da io2 ne kaɗai ke yin Multi-Attach, gp3 ɗinka ba ya yi, saba 16 ne iyaka, duka masu tsarin Nitro na AWS, kuma dole su zama a shiyya ɗaya, wato ɓangare ɗaya na yankin. Wato duk amfanin raba sabobinka tsakanin eu-west-3a da 3b da 3c ya tafi. Kuɗi ma ba sauƙi: a farashin us-east-1 na Amurka, io2 na cin dalar Amurka 0.125 a kowane giga, da 0.065 a kowane IOPS (karatu ko rubutu ɗaya a daƙiƙa) a wata. Giga 200 da IOPS 3000 ya kama dala 220. Faris ta ɗan fi haka tsada.

Abin da kake bukata shi ne wani a tsakiya da zai riƙe taswirar shi kaɗai, sabobin su riƙa tambayarsa. Aikin NFS ke nan, tsarin raba jaka ɗaya ta rezo, EFS kuwa NFS ne da Amazon ke kula da shi. Yadda za ka bi:

Ƙirƙiri EFS a cikin VPC ɗin da sabobin suke, wato rezonka na ciki a AWS, ka zaɓi ɓoye bayanai tun wurin ƙirƙira domin ba a kunna shi daga baya. Ka ba shi mahaɗa ɗaya a kowace shiyyar da kake da saba. Idan shiyya ba ta da tata mahaɗar, sunan DNS ɗin ba zai warware a can ba, idan kuma ka tilasta da adireshin IP na wata shiyya za ka biya kuɗin ƙetare a kowane giga. A rukunin tsaron mahaɗar ka buɗe ƙofar TCP 2049 ga rukunin tsaron sabobin kaɗai. Wannan shi ne inda aka fi tuntuɓe: idan ka ba da umarnin mount ya tsaya shiru har lokaci ya ƙare, kusan kullum ƙofar nan ce. Na biyu shi ne VPC da ba a kunna masa DNS ba.

Sai ka saka nfs-common, ka rubuta wannan layin a /etc/fstab na kowace saba:

`fs-xxxx.efs.eu-west-3.amazonaws.com:/ /var/moodledata nfs4 nfsvers=4.1,rsize=1048576,wsize=1048576,hard,timeo=600,retrans=2,noresvport,_netdev 0 0`

Kada ka cire hard daga layin. Za ka ga masu cewa a sa soft don kada saba ta sandare idan ma'ajiya ta ɓace. Gaskiya ne da hard Apache zai tsaya cak yana jira, amma da soft rubutun da ke kan hanya zai faɗi, wani shirin kuma ba ya duba kuskuren, sai ka samu rabin fayil. Gara ɗalibi ya jira da a ce masa aikinsa ya shiga alhali bai shiga ba. Shi _netdev yana hana saba neman ma'ajiyar kafin rezo ya tashi, noresvport kuma yana sa ta ɗauki sabuwar ƙofa idan haɗin ya yanke ya dawo. Idan kana son bayanan su bi ta TLS a hanya, sai amazon-efs-utils.

Abu na ƙarshe: NFS da lamba yake gane mai fayil, ba da suna ba. A Ubuntu www-data lamba 33 ne. Ranar da wani ya ƙara saba ta huɗu da Amazon Linux, inda apache yake lamba 48, za ta ga fayilolin amma ba za ta iya rubutu ba.

Hajiya Mai Lissafi

Abin da Malam ya faɗa kan Multi-Attach ba ƙari a kai. Amma ɗan'uwa, idan ka kwashe moodledata gaba ɗaya ka juye a EFS ka tafi, wata biyu ba za su cika ba za ka dawo kana cewa shafin ya yi nauyi. Jakar nan ba abu ɗaya ba ce a cikinta, kuma ba duka ne ke son zaman NFS ba.

Kowane motsi a EFS tafiya ce ta rezo. Buɗe fayil, duba girmansa, rufe shi, kowanne na cin milisakan ɗaya zuwa uku, inda faifan gida ke amsawa daga ƙwaƙwalwa kusan kyauta. Ga bidiyo mai mega 300 wannan ba komai ba ne. Ga ƙananan fayiloli 20,000 kuwa, ka sa motsi uku a kowanne, milisakan biyu-biyu, minti biyu ke nan sun tafi ba a karanta wani abin kirki ba. Saboda haka lambar Moodle ɗin kanta, PHP ɗin nan dubbai, kada ta hau EFS ko da wasa. Ta zauna a faifan kowace saba, ta shigo cikin hoton da kake tayar da saba da shi, OPcache na riƙe da ita.

Zaman masu shiga ma ka fitar da shi. Idan a fayil yake, kowane danna na ɗalibi sai an kulle fayil an buɗe ta rezo, kuma a lokacin jarabawa nan ne layi ke taruwa. Ka tayar da Redis ƙarami, shirin da ke riƙe bayanai a ƙwaƙwalwa, ka sa session_handler_class ya koma \core\session\redis a config.php, ka kai kash na manhaja can shi ma daga shafin gudanarwa. Sai localcachedir da localrequestdir ka nuna musu faifan gida, an yi su ne don haka. Amma cachedir da tempdir dole su zama na tarayya, kada ka raba su. Abin da zai rage wa EFS shi ne filedir, jakar da ainihin fayilolin ke ciki, da waɗannan biyun da ƴan tarkace.

Sai batun gudu. EFS na da salo uku, kuma wanda ake kira Bursting tarko ne ga ƙaramar ma'ajiya irin taka. Gudun da aka lamunce maka KiB 50 ne a daƙiƙa kan kowane GiB da ka ajiye. Giga 200 ya ba ka kusan mega 10 a daƙiƙa, na sabobin uku gaba ɗaya. Da farko ba za ka ji ba, domin ana ba sabuwar ma'ajiya jarin gudu mai yawa tana tashi har mega 100. Ranar da jarin ya ƙare sai komai ya koma rarrafe ba wanda ya taɓa komai. Idan ka zaɓe shi, ka sa ƙararrawa a CloudWatch kan BurstCreditBalance. Na fi son Elastic ga aikin makaranta, tunda lodin na zuwa ne lokaci-lokaci, amma shi kuma ana biyan kowane giga: senti 3 na karatu, senti 6 na rubutu a farashin us-east-1. Ɗalibai 500 su kalli bidiyo mai mega 300, giga 150 ke nan an karanta.

Akwai kuma halin NFS da ya kamata ka sani, don kada ka zaci rsync ɗin ne ya dawo. Alkawarinsa ɗaya ne: idan saba ta ɗaya ta rufe fayil, duk wadda ta buɗe shi bayan nan za ta ga sabon abin da ke ciki. Ban da wannan, kowace saba na riƙe bayanin fayil a ƙwaƙwalwa daƙiƙa 3 zuwa 60, na jaka 30 zuwa 60. Har amsar "babu" tana riƙewa: idan saba ta uku ta nemi fayil kafin a ƙirƙire shi, za ta iya ci gaba da cewa babu na ɗan lokaci bayan ya iso. Maganin wannan lookupcache=positive ne a layin fstab. Kada ka yi saurin sa noac, yana kashe kash ɗin duka kuma nauyin da zai jawo ya fi cutar. Kada kuma saba uku su riƙa ƙara layi a fayil ɗin log ɗaya, ƙari a ƙarshen fayil ba shi da tabbas a NFS, layuka na hawa kan juna. Kowace ta rubuta nata. SQLite ma haka, masu shi da kansu sun yi gargaɗi kan ajiye shi a ma'ajiyar rezo, salon WAL ɗinsa kuwa ba ya aiki sam tsakanin kwamfutoci daban. inotify kuma ba ya jin canjin da wata saba ta yi.

Yanzu kuɗi, tunda ka ce ba su da yawa. A us-east-1, giga ɗaya a wata: EFS senti 30, gp3 senti 8, S3 senti 2.3. Giga 200 ɗinka dala 60 ne a EFS, ƙasa da dala 5 a S3. Kuma filedir na Moodle kamar don S3 aka tsara shi: sunan kowane fayil lambar SHA-1 ce ta abin da ke cikinsa, ana rubuta shi sau ɗaya, ba a sake gyara shi har a goge. Akwai ƙarin manhaja mai suna tool_objectfs da ke kwashe fayilolin da suka kai wani girma da wani tsufa zuwa bokitin S3, wato rumbun da ake zuba fayiloli a S3, tana kuma iya ba ɗalibi adireshi mai sa hannu ya sauke kai tsaye daga can ba tare da bidiyon ya bi ta PHP ba. Tun Disambar 2020 S3 ke nuna abin da aka rubuta nan take, tsohon kukan "na ajiye ban gani ba" ya wuce. Idan ka bi wannan hanya, ka ƙirƙiri mashigar S3 ta cikin VPC, kyauta ce. In ba haka ba duk abin da sabobin ke turawa zai bi ta NAT, mashigar fita intanet, a caje ka a kowane giga.

Ni a nawa ra'ayin, EFS ƙarami na abin da ke motsi, S3 na abin da ya kwanta.

Ɗan Yantala

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya, Allah ya ƙara sani. Multi-Attach na bar shi. Tambaya biyu suka rage. Tunda S3 ya fi arha haka, me zai hana in ɗaura bokitin da s3fs a kan /var/moodledata kai tsaye, in huta da EFS da objectfs duka? Sannan shugabannin cibiyar suna son kwafin fayilolin ya kasance a biro a nan Yamai. Zan iya ɗaura EFS ɗin a kwamfutar biro ta VPN?

Baba na Tawa

Yaro, duka biyun a'a, amma kowanne da dalilinsa.

S3 ba tsarin fayil ba ne, s3fs kwaikwayo yake yi. A S3 babu jaka ta gaskiya, sunaye ne masu ɗauke da alamar /. Babu gyaran tsakiyar fayil: ka canza harafi ɗaya, sai an sake tura fayil ɗin duka. Canza suna kwafi ne sannan gogewa, motsi biyu, kuma ana iya yankewa a tsakaninsu. Moodle kuwa ya dogara da canza suna ya faru gaba ɗaya ko kada ya faru: yana rubuta fayil da sunan wucin gadi, in ya kammala ya mai da shi sunansa na dindindin, kash ɗinsa ma haka yake yi. Makulli kuma ba ya ƙetare saba: flock a saba ta ɗaya zai ce ya kama, a ta biyu ma ya ce ya kama. Idan biyu suka rubuta suna ɗaya, na ƙarshe ne ke zama, na farko ya ɓace ba sanarwa. Mountpoint da Amazon ta fitar a 2023 ya fi gaskiya, domin abin da ba zai iya ba ƙin yi yake da kuskure a fili. Ya dace da karanta manyan fayiloli da rubuta sababbi daga farko zuwa ƙarshe, ba da moodledata ba. Abin da ya sa objectfs ke aiki shi ne yana magana da S3 da harshen S3, kuma fayilolin da ba sa canzawa kaɗai yake kai masa.

Batun biro. A fasahance ana iya kai EFS ta VPN, amma ka yi ping daga Yamai zuwa eu-west-3 ka ga lambar da zai ba ka, sannan ka sa ta a madadin milisakan biyun da Hajiya ta yi lissafi da su. Umarnin ls a filedir kaɗai zai isa ka sha shayi. Ga yankewa. Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen gaɓa yake biyowa, kuma an ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a tekun Kwaddibuwa. Ƙara da ɗaukewar wuta a lokacin zafi. Da hard, duk yankewa na sandarar da abin da ke taɓa jakar. Makullan NFSv4 kuma aro ne na ɗan lokaci, idan kwamfuta ta yi shiru ya wuce wa'adi an ƙwace su ko da ita tana ganin suna hannunta.

Kwafin biro ja ake yi, ba ɗaurawa ba. Ka sa fayilolin a bokiti, kwamfutar biro ta yi aws s3 sync ko rclone da dare, da mabuɗin da ba shi da izinin komai sai karatu. Idan ya yanke, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya. Ka tuna fitar da bayanai daga AWS ana biya, kusan senti 9 a giga bayan giga 100 na kyauta a wata, kuma saukewar ɗalibai ma a cikin wannan kason take. Jan farko na giga 200 zai fito a faktir, na kullum kaɗan ne. Kuma filedir shi kaɗai ba shi da amfani, sunayen lambobi ne zalla, rumbun bayanai ne ya san wane na wane. Dole kwafin rumbun bayanai na daren, wanda pg_dump ke fitarwa, ya raka shi.

Ga masu karatu da ba AWS suke ba, tunda da yawa a nan OVH ko Scaleway suke haya saboda biya da Yuro ya fi sauƙin lissafi da sefa: dukansu suna da ma'ajiya mai jin harshen S3, kuma NFS kana iya tayar da naka. Saba ɗaya da faifai, nfs-kernel-server, layi ɗaya a /etc/exports da adireshin rezon ciki kaɗai, rw,sync,no_subtree_check, sai exportfs -ra. Ka bar sync yadda yake. Async na cewa "na rubuta" tun abin na ƙwaƙwalwa, sabar ta faɗi ya tafi. Ga ƙananan fayiloli sau da yawa irin wannan ya fi EFS sauri, a AWS ma, kuma giga 200 na gp3 dala 16 ne ban da kuɗin sabar. Illarsa a fili take: ta mutu, duka ukun sun tsaya. Rufe wannan ramin na bukatar saba ta biyu da DRBD da Pacemaker da adireshi mai yawo, kuma daga nan dala 60 na EFS sun fara yin arha.

GlusterFS a kan sabobin uku da kansu yana jan hankali tunda ba sabon abin haya, amma ban ba da shawara ba. Da kwafi biyu, rezo na rabuwa kowane ɓangare ya ɗauki kansa mai gaskiya, sai an zauna an warware fayil-fayil da hannu. Sai da kwafi uku ko mai raba gardama, kuma yana jan ƙafa a ƙananan fayiloli. CephFS ingantacce ne, sai dai giga 200 bai kai a tayar masa da masu sa ido uku da sauran rundunarsa ba. A Google sunan abin Filestore, amma mafi ƙanƙantar matakinsa na asali tera ɗaya ne, za ka biya sararin da ba ka cika ba. A Azure kuwa Azure Files ne, SMB ta ƙofa 445, ko NFS 4.1 a matakin SSD. Kuma duk mai sabar Windows ya san EFS ba ya aiki da ita, FSx ne nasa.

Malam na Filato

Hajiya ta yi gaskiya kan rarraba jakar, a wuri ɗaya kawai zan saɓa mata: kada ka shigo da objectfs a mako ɗaya da ƙaura. Canji biyu a lokaci guda, in abu ya lalace ba ka san wanda za ka tuhuma ba. Ka biya dala 60 ɗin wata ɗaya ko biyu, abu ya zauna, sannan ka fara kwashewa zuwa S3 da manyan bidiyo. Kafin nan ma dokar EFS ta mayar da fayilolin da aka yi kwana 30 ba a taɓa ba zuwa mataki mai arha za ta rage faktir ɗin, tunda aikin ɗaliban bara ba mai buɗe shi.

Ƙaurar kanta akwai wurin lura, domin yanzu kana da filedir uku da ba su yi daidai da juna ba, kuma ba ka san wadda ta fi cika ba. Sa'arka ita ce sunayen nan na SHA-1: suna ɗaya na nufin abu ɗaya a ko'ina, don haka haɗe su ba haɗari. Ka ɗaura EFS a /mnt/sabo tukuna. Daga kowace saba, ɗaya bayan ɗaya, Moodle na aiki:

`rsync -a --numeric-ids --ignore-existing /var/moodledata/filedir/ /mnt/sabo/filedir/`

Ban da --delete, ko kusa. Shi ne zai goge abin da saba ta ɗaya ke da shi ta biyu ba ta da shi. Fayilolin da aka goge suka dawo za su biyo ka, ba su cutar da komai sai cin wuri. Idan ya yi jinkiri, ka raba aikin bisa jakunkunan farko, 00 zuwa ff, ka tayar da rsync takwas a tare. EFS ya fi son hannu da yawa a kan hannu ɗaya mai sauri.

Daren canji: kashe rsync na minti biyar da cron na Moodle, kunna yanayin gyara da php admin/cli/maintenance.php --enable, tsayar da Apache a duka ukun, sake zagayen rsync daga kowace, wanda yanzu ba zai daɗe ba. Sauran jakunkunan ka kwafo daga saba ɗaya kawai, ban da cache da localcache da sessions, za su sake ginuwa. Ka canza sunan tsohuwar jakar zuwa moodledata.tsoho, kada ka goge ta sai bayan mako biyu. Ƙirƙiri /var/moodledata fanko, ka yi mata chattr +i kafin ka ɗaura. Wannan ƙaramin abu yana da muhimmanci: ranar da saba ta tashi EFS bai ɗauru ba, in jakar na karɓar rubutu Moodle zai ci gaba da zuba fayiloli a faifan gida, in ya ɗauru daga baya su ɓuya a ƙarƙashi. Ka ƙara RequiresMountsFor=/var/moodledata a saitin systemd na Apache, da na PHP-FPM in kana amfani da shi, don kada su tashi sai ma'ajiya ta iso.

Kafin ka buɗe wa ɗalibai, gwaji uku. A saba ta ɗaya, da sunan www-data, ka rubuta fayil, ka karanta shi a ta uku. Sannan makulli: a ta ɗaya `flock -n /var/moodledata/gwaji sleep 60`, a ta biyu cikin wannan mintin `flock -n /var/moodledata/gwaji echo na kama`. Idan ta biyu ta buga "na kama", makullan ba sa ƙetarewa, ka duba ko wani ya sa nolock ko local_lock a layin. Na uku, ka sake kunna saba ɗaya gaba ɗaya ka ga ta dawo da kanta da ma'ajiyar a ɗaure.

Idan daga baya ka ga fayiloli masu suna .nfs da dogayen lambobi, ba cuta ba ce, fayil ne da aka goge alhali wani shiri a sabar na riƙe da shi a buɗe, zai tafi in an rufe. Kuskuren Stale file handle kuwa na nufin wata saba ce ta goge ko ta maye gurbin abin da wannan ke riƙe da shi. In yana yawan fitowa, ka duba ko akwai wani cron na shara da ke gudu a duka ukun lokaci guda.

EFS na ajiye kwafi a shiyyoyi da yawa, amma rm -rf ɗaya daga kowace saba zai share su duka a tare. Ka kunna AWS Backup na kullum, ka daidaita sa'arsa da ta hoton RDS, ka kuma gwada maido da fayil ɗaya zuwa wata jaka tun kafin jarabawa ta zo. Ranar da ka koma S3 kuma, ka kunna adana tsofaffin sigogi a bokitin kafin fayil na farko ya shiga.